Beta da RC a rumbun gama-gari: tambayoyi da amsoshi ga masu amfani da Arch da ire-irensa

Wannan shafi na 'yan'uwanmu ne da ke nan Legas masu ta'ammali da Linux, tun daga masu gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja har zuwa samarinmu na Agege da Idi-Araba da ke koyon rubuta manhaja. Da yawansu sun koma nau'o'in Linux masu sabuntawa kullum, irin su Arch da EndeavourOS da Manjaro da openSUSE Tumbleweed, kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: ya aka yi manhajar da masu ita ba su ce sun gama ba ta shigo rumbun da kowa ke ɗiba?

Na sabunta na'urata, sai na ga "rc" ko "beta" a lambar wani ƙunshi, alhali ban buɗe rumbun gwaji ba. Kuskure aka yi?

Galibi ba kuskure ba ne, ɗan'uwa. Da gangan mai kula da ƙunshin, wato manhajar da aka shirya don ɗorawa, ya saka shi. Beta da rc duka alamun sigar gwaji ne: rc, wato release candidate, ita ce wadda ke dab da zama kammalalliya.

Tabbaci biyu ne a nan, kuma mutane daban-daban ke bayar da su. Na farko na masu rubuta manhajar ne: su ke cewa wannan siga ta kammala, waccan kuwa ta gwaji ce. Na biyu na masu haɗa nau'in Linux ɗin da kake amfani da shi ne: su ke cewa wannan ƙunshi ya zauna lafiya da sauran abubuwan da ke cikin na'ura, don haka a sake shi ga kowa. A Arch, rumbunan gama-gari su ne core da extra da multilib, na gwaji kuma core-testing da extra-testing da multilib-testing. Shigar ƙunshi cikin core ko extra na nufin mutanen Arch sun yarda da shi. Ba ya nufin masu asalin manhajar sun buga masa hatimin kammalawa. Yawancin lokaci tabbacin biyu na tafiya tare, shi ya sa ba ma lura. Ranar da suka rabu ce ake ganin "rc" a allo.

To me zai sa mai hankali ya zaɓi sigar gwaji ga kammalalla a ajiye?

Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma wasu sun fi wasu ƙarfi.

Mafi yawa shi ne masu manhajar sun daɗe ba su fitar da sabuwar siga ba, amma suna ta zuba gyare-gyare a git, ma'ajiyar da suke tara rubutun manhajar da tarihin canje-canjensa. Direban hoto na Intel, xf86-video-intel, babban misali ne: siga ta ƙarshe da aka fitar ita ce 2.99.917 a ƙarshen 2014, ita kanta ta share fagen 3.0 ce da ba ta taɓa fitowa ba. Duk wanda ke son gyaran da aka yi bayan haka dole ya ɗebo daga git, kuma haka Arch da Debian duk suka yi. GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfuta, shi ma sanannen mai jinkiri ne. An fitar da 2.00 a 2012, 2.02 kuwa sai a 2017. A tsakanin nan ne Debian 8, wanda ya fito a 2015 kuma babu mai zarginsa da gaggawa, ya zo da GRUB 2.02~beta2. Wato har nau'o'in da suka yi suna wajen taka-tsantsan sun shekara da shekaru suna tayar da na'urori da beta.

Dalili na biyu shi ne wanda ya shafi masu sabuntawa kullum kai tsaye. Manhajoji na jingina da laburare, wato guntayen manhaja da ake tarayya a kansu. Idan Arch ya ɗaga Python ko FFmpeg ko Qt zuwa sabuwar siga, duk abin da ke jingine da su sai an sake gina shi. Sai a tarar wata manhaja tsohuwar sigarta ba ta ginuwa a kan sabon laburaren, amma sigar rc ɗinta na ginuwa. Mai kula da ita na da zaɓi uku: ya riƙe jama'a gaba ɗaya saboda manhaja guda, ko ya yi ta liƙa wa tsohuwar faci, ko ya ɗauki rc. Faci ɗaya ko biyu ba komai. Amma idan suka yi yawa sai abin ya zama kamar tayar da aka yi wa faci goma sha, wadda ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai ɗauki alhakinta ba. Masu asalin manhajar ba su taɓa gwada wannan haɗin ba, alhali rc ɗin su suka haɗa shi da hannunsu. A irin wannan hali ni ina bayan mai kulawar da ya ɗauki rc.

Na uku shi ne tsaro. A gano ɓaraka, a toshe ta a git, amma sabuwar siga ba ta fito ba tukuna. Jira a nan ya fi haɗari.

Akwai kuma manhajar da al'adarta ce haka. Wine, wanda ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux, yana fitar da kammalalliyar siga sau ɗaya a shekara, a watan Janairu, sannan sigar ci gaba duk bayan mako biyu. Ƙunshin wine na Arch ta mako biyun yake bi, domin masu wasanni da masu manhajojin ofis ba za su jira shekara kafin gyara ya iso su ba.

Yaya zan karanta lambar siga in gane wace iri ce?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don wanda ya iya karatun lambar ya huta da rabin fargaba. Wani ƙanenmu ya taɓa turo mini hoton allonsa cikin dare, ya zana ja a kan lambar glibc, babban laburaren da kusan komai ke jingina da shi, saboda ya ga "+r" da wasu haruffa barkatai, yana tambaya ko ya goge na'urar ya sake zubi. Babu abin da ya same ta.

Mu ɗauki lamba ta gaske, ta ƙunshin GRUB, mu warware ta: 2:2.06.r322.gd9b4638c5-1. Biyun da ke gaban ɗigo biyu lambar fifiko ce da mai kulawa ke sakawa don pacman, manhajar ɗora ƙunshi ta Arch, ya ɗauki wannan a matsayin sabo, ko da sauran lambar ta yi kama da tsohuwa. 2.06 ita ce siga ta ƙarshe da aka fitar a hukumance. r322 na nufin an ƙara gyare-gyare 322 a git bayan fitowarta. Harafin g na nufin git, abin da ya biyo shi kuma shaidar gyara na ƙarshe ce. Ɗayan da ke bayan layi shi ne karon ginin Arch.

Sai dai irin wannan lamba kashi biyu ce. Wani lokaci an ɗebo ne daga reshen da ake gina siga mai zuwa, inda ake shigar da sababbin abubuwa. Wannan sigar gwaji ce ko da babu kalmar beta a jikinta. Wani lokaci kuma an ɗebo ne daga reshen sigar da ta riga ta fita, inda gyaran kurakurai kawai ake shigarwa. Haka Arch ke yi da glibc da gcc, kuma wannan ya fi sigar asali lafiya. Lambar kaɗai ba za ta bambance maka ba, sai ka buɗe PKGBUILD na ƙunshin, wato fayil ɗin da ke faɗin yadda ake gina shi, a gitlab.archlinux.org ka ga reshen da aka ɗebo.

Wasu kuma ba sa rubuta beta ko kaɗan. A KDE Plasma, lamba mai ƙarewa da .90 beta ce ta siga mai zuwa: 6.0.90 ita ce betar 6.1. GIMP 2.99 share fagen 3.0 ne, wanda ya fito a Maris 2025. A GLib, idan lambar tsakiya mara ce, sigar ci gaba ce. LibreOffice kuma akasin haka: rc na ƙarshe, idan ba a samu matsala ba, shi ɗin dai ake fitarwa a matsayin kammalalle ba tare da an canza komai ba.

A Debian da openSUSE za ka riƙa ganin alamar ~ kamar 1.0~rc1, wadda ke sa a lissafa shi ƙasa da 1.0. A Gentoo _rc da _beta da _pre ake rubutawa, 9999 kuma na nufin kai tsaye daga git.

Ta yaya zan ga duka irinsu a na'urata?

pacman -Q | grep -Ei 'alpha|beta|rc|pre|git'

Zai kwaso har da sunaye marasa laifi irin su libarchive, saboda akwai "rc" a cikin sunan. Lambar da ke gefen dama za ka duba.

An taɓa samun babbar ɓarna saboda haka?

An taɓa. A ƙarshen Agusta 2022, waccan lambar ta GRUB da muka warware a sama ta shiga rumbun gama-gari na Arch, sai na'urorin wasu suka daina tashi. Ka kunna kwamfuta, maimakon ta kai ka Linux sai ta jefa ka cikin saitin BIOS, ka fita ta sake maido ka. Masu EndeavourOS sun fi jin jiki.

Abin da ya faru shi ne GRUB gida biyu yake zaune. Akwai ƙunshin da pacman ke sabuntawa, akwai kuma kwafin da aka dasa a wurin da kwamfuta ke tashi, wanda ba ya canzawa sai an kira grub-install. Sabon ƙunshin ya zo da wani ƙari a umarnin fwsetup, mai kai na'ura saitin BIOS, don a fara tambaya ko na'ura na iya shiga saitin BIOS kafin a nuna shi a jeri. Wanda aka sake rubuta masa grub.cfg, fayil ɗin jerin tashi, da sabon tsari, amma tsohon kwafin ne ke dashe, sai tsohon ya ga fwsetup bai gane ƙarin ba, ya aiwatar da shi nan take. Maganin da Arch ya sanar a shafinsa na labarai shi ne a kira grub-install sannan grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg. Wanda na'urarsa ta riga ta kwanta sai ya tayar da ita da filash, ya shiga da arch-chroot, ya yi gyaran daga ciki.

Me ya sa aka ɗebo daga git tun farko? GRUB 2.06 ya fito a Yunin 2021, 2.12 sai a Disambar 2023, kuma a tsakani an toshe ɓarakar tsaro da dama. Dalilin ɗebowar na da ƙarfi. Inda nake ganin an gaza shi ne sanarwa: ta zo ne bayan na'urori sun riga sun kwanta. Manhajar zane idan ta lalace, mutum na da burauza a hannu ya nemi magani. Wadda ke tayar da kwamfuta idan ta lalace, wanda ba shi da filash ko na'ura ta biyu sai ya shiga motar haya ya ratsa cunkoson Legas zuwa wajen mai gyara. Irin wannan ƙunshi haƙƙin jama'a ne a gargaɗe su kafin ya iso.

Ke nan in guje wa duk mai "rc", in amince da duk wanda ba shi da shi?

A'a, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Ya gano ne saboda shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa a na'urarsa mai Debian sid, reshen Debian da ake sabuntawa kullum. Sigogin da abin ya shafa su ne 5.6.0 da 5.6.1, kuma dukansu kammalallu ne a hukumance, babu beta babu rc. Sun shiga Tumbleweed da Debian sid da Fedora Rawhide. Sun shiga Arch ma, sai dai yadda Arch ke gina OpenSSH bai ba ƙofar hanyar aiki ba. Guntun da ke kunna ƙofar kuwa yana cikin ƙunshin da aka fitar a hukumance ne, babu shi a git, shi ya sa gyaran gaggawa na Arch ya koma gini daga git.

Ko Mesa, direbobin hoto, a duk sigar farko mai ƙarewa da .0 masu ita na rubutawa a takardar fitarwa cewa mai neman kwanciyar hankali ya zauna a tsohuwa ko ya jira .1. Tambayoyin da suka fi harafin rc amfani su ne: wane ƙunshi ne, me zai tsaya idan ya lalace, kuma kana da hanyar komawa baya?

Wa ke gwada ƙunshi kafin ya iso mu?

Ya danganta da nau'in. A Arch, ƙunshin da zai shiga core dole ya fara zama a core-testing har masu gwaji su sa masa hannu. Na extra ba dole ba ne, mai kulawa na iya tura shi kai tsaye idan ya ga ƙaramin canji ne. Betar manyan fuskokin allo, KDE da GNOME, kuma na da rumbunta daban, kde-unstable da gnome-unstable, waɗanda ba sa buɗuwa sai kai ka buɗe su. Kanel (zuciyar Linux) mai rc, wanda Linus Torvalds, mutumin da ya ƙirƙiri Linux, ke fitarwa duk mako tsakanin siga da siga, ba ya shiga core. Mai son sa sai ya nemi linux-mainline a AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zuba ƙunshin da kowa zai gina da kansa.

Tumbleweed na bi ta openQA, tsarin da ke zuba Linux ɗin a na'urar gwaji, ya tayar da shi, ya buɗe manhajoji, ya kwatanta abin da ke allo da abin da ake tsammani. Idan gwajin ya faɗi, ba a sakin sabuntawar ranar. Manjaro na ɗaukar ƙunshin Arch ya ratsa da shi rassan gwaji kafin ya kai ga reshen jama'a, abin da ke ɗaukar kwanaki zuwa makonni. Wannan jinkiri na tare wasu matsaloli, amma yana haifar da wata: AUR da Arch na yau yake tafiya, don haka wani abin da ka gina daga can zai nemi laburaren da bai iso ka ba.

Duk da haka, babu ɗayansu da ke da irin kwamfutarka a gabansa. Tsofaffin kwamfutocin da ake sayarwa a Ikeja da Alaba kowacce da irin BIOS ɗinta.

firefox-developer-edition fa? Na gan shi a extra.

Wannan daga betar Firefox ake gina shi, kuma sunansa ya faɗa. Ba ya maye gurbin firefox, ba ya shigowa sai ka kira shi.

Sigar gwajin ta ɓata mini aiki. Yaya zan koma baya?

Fara da /var/log/pacman.log, nan za ka ga abin da ya canza, daga wace lamba zuwa wace. Tsohon ƙunshin yawanci yana nan a /var/cache/pacman/pkg, sai ka maido shi da pacman -U da cikakken sunan fayil ɗin. Shi ya sa nake roƙon ƙannenmu su daina share wannan wuri ƙarƙaf don neman fili. Yi amfani da paccache, wanda ke barin siga uku na ƙarshe. Idan ka riga ka share, archive.archlinux.org na ajiye tsofaffin ƙunshi.

Bayan haka ka rubuta sunan ƙunshin a layin IgnorePkg cikin /etc/pacman.conf don kada sabuntawa ta gaba ta dawo da shi. Amma wannan na ɗan lokaci ne. Arch ba ya ɗaukar alhakin na'urar da aka sabunta rabi aka bar rabi, kuma idan laburaren da tsohon ƙunshin ke jingina da shi ya wuce gaba, ƙunshin zai daina buɗewa gaba ɗaya. Kada ka yi wannan da glibc ko wani laburare da komai ke rataye a kansa. Ka kuma sani cewa wasu manhajoji na canza tsarin fayilolinsu a karon farko da ka buɗe sabuwar siga, tsohuwar kuma ta kasa karanta su, don haka kwafin aikinka ya kasance a wani wuri.

Masu Tumbleweed sun fi samun sauƙi. Idan an zuba shi a kan tsarin ajiye fayil na Btrfs kamar yadda yake zuwa, manhajar Snapper na ɗaukar hoton na'urar, wato kwafin yadda tsarinta yake, kafin kowace sabuntawa da bayanta. Ka zaɓi tsohon hoto a jerin tashi, ka kira snapper rollback, shi ke nan. A Arch ana iya haɗa irinsa da snapper da snap-pac, ko da Timeshift, amma kai za ka haɗa da hannunka.

Da kwamfutar nan nake neman abinci. In ci gaba da Arch?

Malam, idan ita kaɗai gare ka kuma tsayawar yini ɗaya asara ce, shawarata ka koma Debian ko Ubuntu LTS, ka bar Arch a na'ura ta biyu. Ba don can babu beta ba, mun ga akwai. Bambancin shi ne can abin da ka samu ranar zubi shi za ka ci gaba da gani, ba ya canza maka ana tsakiyar aiki.

Idan kuma aikinka na buƙatar sababbin kayan aiki, zauna, amma da shiri. Saka linux-lts a gefen kanel ɗinka don ka sami na biyu a jerin tashi. Ajiye filash mai ɗauke da Arch a jakar kwamfutar. Leƙa labaran archlinux.org kafin ka sabunta. Kira checkupdates, daga ƙunshin pacman-contrib, ka karanta jerin: idan ka ga grub ko systemd ko kanel ko direban hoto, kuma gobe kana da aikin miƙawa, bari sai jibi.

Sai batun wuta, wanda a nan ya fi kowace beta kwantar da na'urori. Idan aka ɗauke wuta pacman na tsakiyar rubuta fayiloli, za ka iya tashi da kanel rabi da rabi. Kada ka sabunta kwamfutar tebur ba tare da UPS ba, kuma kada ka fara a lokacin da ake shirin sauyawa zuwa janareta. Mai ta hannu ya tabbata batir ya cika. Don tsimin data kuma, checkupdates -d na sauke ƙunshin kawai ya ajiye, ka yi hakan inda ka sami intanet mai sauƙi, ka ɗora daga baya.

Ina ganin an saka sigar gwaji ba da dalili ba. Wa zan gaya wa?

Fara duba tarihin ƙunshin a gitlab.archlinux.org, sau da yawa dalilin na rubuce a saƙon gyaran. Idan akwai matsala ta zahiri, buɗe rahoto a can: lambar sigar da ta lalace, lambar wadda ke aiki, irin kwamfutarka, da abin da ya fito a allo harafi da harafi. Idan matsalar ta manhajar ce kanta, kai ta wurin masu ita, domin lokacin rc shi ne lokacin da suka fi sauraron rahoto, kuma gyaran na iya shiga kafin kammalalliyar ta fito. Maɓallin da ke shafin ƙunshi na sanar da cewa siga ta tsufa ba na ƙorafi ba ne, kuma ba a danna shi don beta ta fito.

Yawancin masu kula da ƙunshin Arch aikin sa-kai suke yi, don haka a rubuta musu da ladabi. Mai EndeavourOS ya san cewa rumbunan Arch yake ɗiba kai tsaye, amma ya fara tambaya a zauren EndeavourOS. Mai Manjaro kuwa can wurin Manjaro zai kai, saboda lambobin sigarsa ba lallai su yi daidai da na Arch na ranar ba.